Kamfanin da ke gini a maƙwabtana ya taya gidan hayana: in sallama ko in riƙe?

Baban Nusaiba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar gidaje. Ina da gidan haya mai sashe huɗu, kowanne ɗaki biyu da falo, duk da mutane a ciki. Tsohon gini ne, rufinsa ma ya fara neman canji. Wani kamfanin gine-gine ya saye filaye uku da ke kewaye da ni, biyu ta baya, ɗaya ta gefe, za su tayar da benaye na sayarwa. Wakilinsu ya same ni ya taya gidan, kuma tayin ya ɗara abin da dillalai ke cewa zai yi a kasuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Ni ban taɓa sa shi a kasuwa ba, ba kuma matsuwa nake ciki ba. Amma maganar ta tsaya min a rai. In sallama, ko in ce albarka in ci gaba da karɓar hayata?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka sayar. Kuɗi suna da fukafukai. Na ga mutane da yawa sun sayar da gida da tsada, shekara biyu ba gidan ba kuɗin. Wannan ya zo da buƙata, wancan ya zo da kasuwancin da zai ninka, kai ma ka ga motarka ta tsufa. Gida kuwa yana nan inda ka bar shi.

Sarkin Dillalai: Kashi 40 a sama da kasuwa kuma kana tambayar mutane? Yallaɓai, ba ni lambar wakilin nan, ina da gidaje.

Maryam Akanta: Baba Dattijo, da girmamawa, abin da ka faɗa matsalar riƙon kuɗi ce, ba matsalar cinikin ba. Baban Nusaiba, kafin kowa ya ce maka sayar ko kar ka sayar, zauna da biro ka yi lissafi ɗaya. Mu ɗauka gidan 100 yake a kasuwa, kuma hayar shekara 7 ce. Wannan 7 ɗin ba ita ke shiga aljihunka ba. Cire gyare-gyare, cire watannin da sashe ke zama ba kowa, cire wanda ya tashi bai biya ba, cire haraji da la'adar mai kula da gidan. A ce 5 ta rage. Jiya kana samun 5 a kan 100. Yau da aka taya 140, ashe dukiyar 140 ce ka ajiye take ba ka 5, wato kashi 3.6 cikin 100 ke nan. In ka sayar, aka cire haraji da kuɗin lauya ya rage 130, ka sayi wani gidan mai kawo kashi 5 irin na da, za ka riƙa samun 6.5 a shekara. Ga shi kuma ka tsere wa canjin rufi. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, sa naka na gaskiya a gurbinsu.

Dattijo: 'Yata, a takarda kowa attajiri ne. Wa ya ce miki zai samu wani gidan mai kawo haka a ranar da yake so? Kafin ya gama nema farashi ya tashi, 130 ɗin ta koma sayen abin 110.

Maryam Akanta: Wannan kam gaskiya ne, Baba, musamman inda kaya ke hauhawa da sauri. Shi ya sa zan ce ya nemo gidan da zai saya tun kafin ya sa hannu, kuɗin su fita daga wannan su faɗa wancan. In bai san inda za su sauka ba, ni ma ina bayanka.

Injiniya Bashir: Ni tambayoyi zan yi. Gidanka ne ke kallon babban titi ko filayensu? Ta ina motocinsu ke shiga yanzu? Kuma sun fara haƙa, ko har yanzu shinge kawai suka kewaye?

Baban Nusaiba: Nawa ne ke bakin titi, a kwana ma yake. Su ta wani siririn lungu suke shiga, babbar mota sai da dabara. Ba su fara haƙa ba, sun dai rushe tsofaffin gine-ginen sun kwashe ɓaraguzai.

Injiniya Bashir: To ai da wannan ya kamata ka fara. Ba gidanka suke so ba, ranar da suka karɓi makulli za su sa katafila ta kwantar da shi. Ƙofa suke saye. Kuma dillalan da suka yi maka ƙiyasi, darajar gidan a wurin mai son zama ko mai son haya suka faɗa maka, wadda ba ita ce darajarsa a wurin kamfanin ba.

Bari in gaya maka yadda suke lissafi. Daga ƙarshe suke farowa. Su ƙiyasta nawa za su sayar da ginin in ya kammala, su cire kuɗin aiki da na masu zane da ruwan bashin banki, su cire ribar da suke so, abin da ya rage shi ne iyakar abin da za su iya biyan fili. Yanzu ka sa filinka a cikin lissafin. Kusan ko'ina dokar gini tana cewa a bar tazara tsakanin gini da iyakar maƙwabci. In suka haɗe naka da nasu, iyakar da ke tsakaninku ta ɓace, tazarar ɓangarenka da ta ɓangarensu duk sun zama wurin gini. Sun samu mashiga mai faɗi, wadda hukumar tsara birane kan duba saboda motar kashe gobara. Sun samu wurin ajiye motoci, wanda sau da yawa shi ke ƙayyade yawan gidajen da za a amince musu. Sun kuma samu fuskar titi, inda za su iya zuba shaguna a ƙasa. Fili huɗu a haɗe ya fi huɗu a rarrabe daraja, kuma wannan ƙarin ne ake ciniki a kansa. Kashi 40 ɗin nan buɗe baki ne kawai.

Sarkin Dillalai: Injiniya ya tona mana asiri. Gaskiya ne, ba mai fara taya da kuɗinsa na ƙarshe. Amma a yi hattara, akwai inda in ka ja igiya ta tsinke.

Malam Nura: Maganar tsinkewar igiya ta tuna min da labarai biyu daga Amurka. A birnin Seattle, wata tsohuwa mai suna Edith Macefield ta ƙi karɓar dala miliyan 1 a kan ɗan ƙaramin gidanta a 2006. Kamfanin bai tsaya roƙo ba, ya gyara zanensa ya tayar da bene hawa biyar ya zagaye ta ta ɓangare uku. Ta zauna a gidanta har ta rasu a 2008. Ta biyu Vera Coking ce a Atlantic City. An taya gidanta dala miliyan 1 don gina gidan caca, ta ƙi. Daga baya Donald Trump ya so wurin, hukuma ta nemi karɓe shi da ƙarfin doka, ta kare kanta a kotu ta yi nasara a 1998. Amma da aka yi gwanjon gidan a 2014, abin da aka saye shi bai kai dala dubu 600 ba. Shekaru sama da 30 bayan tayin farko, ga kuma faɗuwar darajar kuɗi a tsakani.

Hajiya Maman Sadiq: Allah sarki, ni tsohuwar farko ta burge ni. Ba komai ne kuɗi ke saye ba.

Malam Nura: Ni ma ta burge ni, Hajiya, amma ita gidan zamanta ne, a ciki take son ta ƙarasa rayuwarta, kuma ta samu abin da take so. Baban Nusaiba ba a cikin nasa yake kwana ba. Gidan haya jari ne. Abin da nake son a lura da shi, tsadar da kamfani ke biya tana da wa'adi. Muddin zane yana kan tebur, filinka zinare ne a wurinsu. Ranar da aka amince musu da zanen da ba kai a ciki suka zuba harsashi, ba su da sauran abin yi da kai. Ka koma mai tsohon gida a gindin bene.

Dattijo: Mai tsohon gida a unguwar da ta yi tsada dai. In suka gama benayen nan, titi ya gyaru, masu kuɗi suka tare, hayarsa ba za ta tashi ba? Ku yara kullum rabin labari kuke bayarwa.

Injiniya Bashir: Tana iya tashi, Baba, ban musa ba. Amma sai ya haye shekarun aikin tukuna, kuma gini irin wannan ba a gama shi cikin 'yan watanni. In za su yi ginin ƙarƙashin ƙasa, za su haƙa rami mai zurfi dab da katangarsa. Ƙasar da ke riƙe da harsashinsa tana iya saki ta zame wajen ramin. In kuma suka zuƙe ruwan ƙasa don ramin ya bushe, ƙasar kewaye takan zauna, tsohon gini ya bi ta. Alamar farko ba rushewa ba ce. Ƙofa ce za ta fara cijewa, sai ka ga tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta hau a karkace.

Don haka in riƙewa za ka yi, tun kafin su sa haƙa ka kawo injiniya ya zagaya gidan, a ɗauki hoton kowane bango da kwanan wata, a rubuta rahoto, wakilinsu ya sa hannu. Duk tsagar da ke nan tun da, a manna mata siririn gilashi a gicciye, a rubuta ranar a gefe. In gilashin ya fashe, ginin ya motsa, ba gardama. In ba ka yi haka ba, amsa ɗaya za su ba ka: ai dama tsohon gida ne. Ka kuma nemi ganin inda ruwan samansu zai bi, domin filin da aka shafe da kankare ba ya shan ruwa, mai ƙasa-ƙasa yake turawa.

Ɗan Haya: Tun ɗazu ake ta lissafin mai gida da kamfani, ba wanda ya tambayi mutanen da ke cikin gidan. Iyali huɗu ne fa. Na taɓa zama a jikin irin wannan aikin. Injin kwaɓa siminti ya tashe ka da asuba, ka shanya farin kaya ka kwashe su ruwan toka, tagogi a rufe ko ana zafi. Da ginin ya kai hawa na uku, leburori na kallon tsakar gidanmu kamar a tafin hannu, matata ta daina fitowa wanki. Biyu daga cikinmu suka tashi kafin kuɗinsu ya ƙare, kuma sassan suka daɗe ba wanda ya kama. Ko ka sayar ko ka riƙe, mu ne a wahala. Abin da nake roƙo, ka gaya musu da bakinka tun da wuri. Kar su ji a bakin leburori.

Baban Nusaiba: Wallahi wannan na damuna. Akwai wata dattijuwa a ciki da ta fi kowa daɗewa, ba ta taɓa saɓa min ranar biya ba. Wakilin kuwa cewa ya yi in tashe su kafin a kammala ciniki.

Barista Hauwa: Tsaya. Kafin a kammala? Yaya, don Allah rubuto mana sharuɗɗan yadda ya faɗe su, ba farashin kaɗai ba.

Baban Nusaiba: Za su ba da kashi 10 cikin 100 kafin alƙalami. Sauran sai bayan wata tara, in an amince musu da zane. A tsakani in ba su takardun gidan su haɗa da nasu wurin neman izini, in kuma sallami 'yan haya. In ba a amince ba, in mayar musu da abin da suka bayar.

Barista Hauwa: To wannan ba saye ba ne, kamun wuri ne, kuma kyauta suke son yin sa. Dubi yadda aka raba haɗarin. In zane ya wuce, sun samu fili a farashin yau su biya da kuɗin baɗi. In bai wuce ba, su karɓi kuɗinsu cas, kai kuma ga ka da gida ba kowa a ciki, hayar wata tara ta tafi, wani mai sayen da ya zo a tsakani ka kore shi. Me suka yi asara? Ba komai.

Kamun wuri ba laifi ba ne, kamfanoni na yin sa ko'ina, amma biyansa ake yi. Ga abin da zan nema in ni ce lauyarka. Kuɗin kamun ba a mayarwa in su suka fasa. Wa'adi ya zama rana takamaimai, in suna son ƙari su ƙara kuɗi. Takardun asali ba sa barin hannunka ko hannun lauyanka sai ranar da kuɗi suka cika, kwafi ya ishe su, da wasiƙar amincewarka in hukuma ta nema. Ba a taɓa ɗan haya ko ɗaya sai ciniki ya faɗa. A dokokin ƙasashe da dama, sayar da gida ba ya kashe yarjejeniyar haya, sabon mai gida ne ke gadonta har wa'adinta ya cika. Idan suna son gidan ba kowa da wuri, su sa kuɗin sallamar mutanen a cikin ciniki, a rubuce, da lokacin da zai ishe su neman wani wuri. Sannan a duba ko takardar ta ba su damar miƙa cinikin ga wani. Wani ba ginin zai yi ba, kama wurin zai yi ya sayar da takardar da riba.

Kuma lauyanka daban, nasu daban. In suka ce ka bari nasu ya rubuta muku duka don a rage kashe kuɗi, ka yi godiya ka ƙi.

Maryam Akanta: Ƙari a kan na Barista: ka tambayi masanin haraji na inda kake nawa za a cire a ribar sayarwa. Ƙasashe sun bambanta sosai, wasu ma suna ɗaga harajin in ka mayar da kuɗin cikin wata kadarar a ƙayyadadden lokaci. Abin da ya rage bayan haraji shi ne farashin gaskiya.

Sarkin Dillalai: Ni ina da hanya ta uku. Me zai hana ka ba su filin su ba ka gidaje a cikin sabon ginin? Tsohon sashe huɗu ya koma sababbi uku ko huɗu a bene, hayarsu ta ninka. Baba Dattijo ya huta, ba a sayar ba. Maryam ta huta, lissafi ya fita.

Hajiya Maman Sadiq: A'a, a nan kam zan yi magana. Irin wannan aka yi da mu, ni da 'yan uwana. Aka nuna mana zane mai kyau a kwamfuta har da bishiyoyi da yara na wasa. Aka rushe gidan, gini ya kai hawa na biyu, kuɗin kamfanin suka ƙare. Ashe sun jinginar da filin duka a banki, har da namu. Rodi ya yi ta tsatsa a sama, mu ba haya ba gida, sai zaryar kotu. Cinikin biri a sama ke nan.

Barista Hauwa: Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ana iya yin irinsa ya yi kyau, amma sai da kariya mai ƙarfi: mallakar fili ba ta komawa sunansu sai sun miƙa gidajen, ba su da ikon jinginar da shi, su riƙa biyan ka madadin haya duk tsawon aikin, a rubuta lambar kowane gida da hawansa da girmansa, da tarar jinkiri. Kamfanin da ya yarda da duk wannan yana da ƙarfi. Mafi yawa ba za su yarda ba, domin filin ne abin da suke kai wa banki.

Dattijo: Kun gani ko? Duk wannan dogon turanci, wanda bai sayar ba ba ruwansa da shi.

Injiniya Bashir: Da ruwansa, Baba. Ramin za a haƙa a jikin katangarsa ko ya sayar ko bai sayar ba. Gidan da yake da shi bara, mai maƙwabta masu ƙasa-ƙasa da rana na shiga tsakar gida, wannan ya riga ya tafi tun ranar da maƙwabtansa suka sallama. Zaɓinsa yanzu tsakanin kuɗi ne da wani gidan daban mai adireshi iri ɗaya.

Dattijo: Hmm. Wannan maganar ta shige ni. Amma ina nan a kan bakana ta fuska ɗaya: kar kuɗin su kwana a asusunsa.

Baban Nusaiba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda na tsaya. Sharuɗɗan nan ba zan karɓe su ba. Zan ɗauko mai ƙiyasin kadarori mai lasisi, in ce ya ba ni daraja biyu, ta gidan shi kaɗai da ta filin in an haɗe shi da nasu. Zan je ofishin tsara birane in ga ko sun shigar da zane, da ni a ciki ko ba ni. Rahoton bangon nan kuma zan sa a yi shi ko ma mene ne. Tambaya ɗaya ta rage: in suka ce in faɗi nawa nake so, in faɗa ko in bar su su ƙara?

Sarkin Dillalai: Kar ka faɗa sai takardar mai ƙiyasi na hannunka. Kafin nan, ce musu kawai gidan ba na sayarwa ba ne amma kana sauraro. Kuma ka bincika nawa suka biya maƙwabtanka a kan kowane murabba'in mita, ba jimilla ba, tunda filayen ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya sayar na ƙarshe cikin ukun shi za ka fara nema.

Malam Nura: Ka kuma je ka ga wani ginin da suka taɓa gamawa, ka yi hira da waɗanda suka sayar musu da fili a can. An biya su a kan lokaci?

Ɗan Haya: Dattijuwar fa?

Baban Nusaiba: Gobe in Allah ya kai mu zan je in zauna da su duka huɗun. Barista, zan turo miki takardar da wakilin ya bar min ta akwatin saƙo, akwai wani sakin layi a shafi na biyu da ya ambaci "ko wanda kamfani ya wakilta", ina jin shi ne abin da kika ce a duba.

Barista Hauwa: Shi ne. Turo duka shafukan, har da bayan takardar in akwai rubutu.